Makullin Keken Magani

Shekara goma sha tara Gaynor Holroyd ta yi tana wanke tsofaffi a ɗaki na bakwai, inda ake kwantar da waɗanda shekaru suka cinye a asibitin garin. Ba nas ba ce. Mai hidima ce, irin waɗanda ke canza zanin gado, su raka mutum bayi, su ba shi abinci a baki, su aske masa gemu in 'ya'yansa za su zo ranar Lahadi. Duk ɗakin ba wanda ya kai ta sanin ƙararrawar majinyata. Ko tana kicin tana gasa burodi, da an danna za ta ce gado na sha ɗaya ne, kuma ba abin da yake so illa a gyara masa matashi. In aka je kuwa, haka ɗin ne.

Shugabar ɗakin ita ce Sista Colleen Duckworth, ƙawar Gaynor tun suna 'yan firamare a layin bayan tsohuwar masaƙa. Colleen ce ta riƙe mata fure ranar aurenta da Trevor. Ita ce kuma ta zo da mota ta kwashe ta da yara biyu ranar da Trevor ya tattara nasa ya nasa ya bi wata mai gyaran farce zuwa garin Blackpool, inda aka ce matar ta kore shi tun kafin hunturu ya fita. Kowace Juma'a in sun tashi aikin safe, su biyun sukan sayo kifi da soyayyen dankali su zauna cikin motar Colleen su ci, suna yi da likitoci ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin hutu kuma ana yi da su, ana cewa Colleen ke da kwali, Gaynor ke da aiki. Ba dai a gaban Colleen ake faɗa ba, don ita ke rubuta jadawalin hutun Kirsimeti.

Ana nan sai aka ƙirƙiro wani mataki tsakanin masu hidima da nas-nas. Mai hawansa sai ta yi ƙaramin digiri na shekara biyu, rana ɗaya a mako tana jami'a, sauran kwanakin tana aiki tana koyo. In ta gama a sa sunanta a rajista, a ba ta riga mai wani launi, ta raba magani, ta ɗaure ciwo, a daina kiranta "ke, yarinyar nan" tana da jika. Colleen ce ta kawo mata takardar nema, ta dangwarar a kan tebur kusa da kofin shayinta, ta ce in ba ta cike ba ita za ta cike mata da hannun hagu.

Gaynor ta bar makaranta tana da shekara sha shida, lissafi kuwa tun a lokacin ba sa ga maciji. Sai da ta sake zana jarrabawarsa tana da arba'in da shida, ta faɗi, ta sake, ta ci da ƙyar. Ranar farko a jami'a ta shiga aji da jaka sabuwa da biro huɗu, 'yan ajin suka yi tsit suna zaton ita ce malamar. Ta sha wuya a hannun kwamfuta. Ta taɓa rubuta shafi tara a kan ƙoda ta goge su da gwiwar hannu. Amma ta daure. An tura ta sashen masu taɓin hankali, an tura ta wajen yara, ta yi wata biyu tana zaga gidaje da nas ɗin unguwa, kare ya yage mata wando a wani gida. Ko'ina ta je ana yabonta.

Akwai wani kundi mai kauri da ake ba kowace ɗaliba. Kowane aiki da layinsa a ciki, kuma sai nas ɗin da aka ɗora wa duba ɗalibar ta ga aikin da idonta sannan ta sa hannu. In layi ɗaya ya zauna babu hannu, to babu digiri, babu rajista. Zuwa watanni huɗun ƙarshe kundin Gaynor ya cika ya tumbatsa, saura shafi guda, na rabon magani. Wannan a ɗakinsu za ta yi shi, mai duba ta kuwa Colleen. Gaynor ta ce da 'yarta ai an gama, ta fara neman rigar zuwa bikin yaye ɗalibai.

Rabon magani yana da dokarsa. Mai rabo tana saka wata jar falmaran a kan rigarta, an rubuta a gaba da baya cewa kada a yi mata magana. Muddin tana cikin jar nan ba ta amsa waya, ba ta amsa ƙararrawa, ko likita ya zo sai ya jira. Tana tura keken magani daga gado zuwa gado, ta duba takarda, ta duba kwali, ta duba sunan da ke wuyan hannun majinyaci. Keken ɗaki na bakwai tsohon yayi ne, murfinsa sai da makulli yake rufuwa, makullin kuma yana cikin tarin makullan da Colleen ke zubawa a aljihu suna kacau-kacau duk inda ta bi. Ita ke buɗewa da safe, ita ke rufewa.

To, ɗaki na bakwai kullum hannu bai isa ba. Gado ashirin da takwas, masu hidima uku in an yi sa'a. Da Gaynor ta saka jar falmaran ƙarfe takwas, kafin ta kai gado na uku ƙararrawa ta fara. Sai ka ga kafaɗarta ta motsa kamar an tsikare ta. Colleen, da ke tsaye gefenta da sunan dubawa, sai ta taɓa mata hannu ta ce, "Je ki, Gay, ina nan. Ba mai iya masa sai ke." Gaynor ta tafi. Kafin ta dawo, da wanke hannu da komai, Colleen ta raba rabin maganin ita kaɗai don lokaci na tafiya. Haka yau, haka gobe. Cikin wata huɗu Gaynor ba ta taɓa kai keken nan daga gadon farko zuwa na ƙarshe ba. Duk sanda ta kawo zancen kundi, Colleen ta ce ta kwantar da hankalinta, za su zauna rana ɗaya da shayi ta rattaba mata hannu gaba ɗaya, ai ba yau ta san aikinta ba.

A ɗakin akwai Misis Entwistle, 'yar shekara casa'in da ɗaya, tsohuwar masaƙiya da hankalinta ya koma zamanin da take budurwa. Tana yawo da jakar hannu, duk abin da ta gani ta jefa ciki: cokula, tabarau, har haƙoran roba na maƙwabciyar gadonta an taɓa zarowa daga jakar. Akwai kuma Mista Ormerod, tsohon direban bas, wanda ya rantse ba macen da za ta gan shi ba wando sai Gaynor, ita ma don ya san ubanta ne.

Wata Talata, saura kwana goma a miƙa kundi, suna kan gado na biyar sai ƙararrawar bayi ta ɗauka. Gaynor ta san Mista Ormerod ne, ta kuma san in aka bar shi minti biyu zai miƙe da kansa, in ya miƙe kuwa sai ƙasa. Ta dubi Colleen. Colleen ta ce, "Je ki, ina nan."

Ta same shi ya riga ya ɗaga rabin jiki yana zagin ƙarfen riƙewa. Ta zaunar da shi, ta gyara shi, ta saurari ra'ayinsa a kan direbobin zamani. Minti shida ko bakwai. Da ta fito, ba Colleen a wajen keke. Tana can teburin nas-nas da waya a kunne, ta juya baya. A wajen keken kuwa, Misis Entwistle ce tsaye, hannunta ɗaya cikin kwalayen magani har gwiwar hannu, ɗaya hannun kuma a riƙe cikin hannun Metiron, babbar shugabar nas-nas ta ɓangaren, wadda ba ta taɓa zuwa ranar Talata ba sai ranar.

Aka zazzage jakar a kan gado. Kwali biyu na maganin hana jini daskarewa, cokali huɗu, da rimot ɗin talabijin da aka yi mako ana nema. Aka ƙirga ƙwayoyin, ba ko ɗaya da ta ɓace, tsohuwa ba ta sha komai ba. Metiron ta dubi jar falmaran da ke jikin Gaynor daga sama har ƙasa, ta ce tana son rahoto a rubuce kafin azahar, ta wuce.

Gaynor ta shige ɗakin zannuwa. Colleen ta biyo ta, ta rungume ta, ta ce ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo, ita za ta rubuta rahoton, ta bar mata komai. Gaynor har godiya ta yi mata.

Abin da kowa ya sani a ɗakin hutu shi ne Metiron za ta yi ritaya ƙarshen wata, kuma Colleen ta nemi kujerar. Har ta sayi sabon takalmi na zuwa ganawa da masu ɗauka. Gaynor ma ta sani, ita ta raka ta shagon. Amma ko sau ɗaya ba ta haɗa wannan da wancan ba.

Ranar Litinin aka yi zaman ƙarshe, wanda ake yi wa kowace ɗaliba: ita, da mai duba ta, da malamarta ta jami'a. Malama Raman ta zo da laima tana ɗiga, suka shiga ƙaramin ofishin Colleen inda gwiwar kowa ke taɓa ta wani. Gaynor ta ɗora kundinta a kan tebur, ta buɗe shafin da ya rage, har ta ajiye biro a kai.

Malama Raman ta ce kafin nan akwai takarda da aka aiko mata, dole ta karanta. Ta karanta a hankali, ba ta ɗago ba. Rahoton ya ce ɗalibar ta bar keken magani a buɗe ta tafi amsa ƙararrawa. Ya ce wannan ba shi ne na farko ba, tun farkon zangon ɗalibar ta kasa fita daga aikinta na dā, kullum takan bar rabo ta koma hidima, ko da an tuna mata. Ya ce saboda haka mai dubawa ba ta ga cikakken rabo ko ɗaya ba, ba za ta iya sa hannu ba. Babu inda aka ce wani ya ce mata je ki. Babu inda aka ambaci waya.

Gaynor ta ji kalmar "ɗalibar" sau biyar. Shekara arba'in ana kiranta Gay.

Malama Raman ta ajiye takardar. Mace ce mai kirki, ta taɓa zama da Gaynor awa biyu a kan lissafin ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci. Ta ce, "Gaynor, ni abu ɗaya ne ban gane ba. Na yarda kin ji tsoron kada ya faɗi. Me ya hana ki kulle keken kafin ki tafi?"

Makullin yana nan a aljihun Colleen, ana ganin tudunsa ta cikin rigar. Gaynor ta dube shi, ta dubi fuskar Colleen, ta jira. A ranta ta tabbata yanzu Col za ta yi tari ta ce a gaskiya dai makullin na wajena. Ta ba ta lokaci. Ta ji ruwa na sauka a taga, ta ji ƙararrawar gado na sha huɗu tana kira a waje. Colleen ta gyara zaman wata takarda a kan tebur, ta sake gyara ta.

"Ban sani ba," in ji Gaynor.

Malama Raman ta yi ajiyar zuciya ta faɗi abin da doka ta tanada. Dama ɗaya ce ta rage: mako huɗu a wani ɗaki, da wata mai dubawa. In ta ci, ta gama, sai dai 'yan ajinta za su yi biki ba ita. In ta faɗi, shekara biyun sun tafi kenan, ba a sakewa. Colleen ta ce, da muryarta ta ofis, tana ganin wannan zai taimaki ɗalibar ƙwarai.

Kwana uku ba su yi magana ba sai ta aiki. Ran Juma'a Gaynor ta fito za ta tashar bas, sai ga motar Colleen a bakin ƙofa, ta sauke gilashi tana ɗaga ƙunshin kifi biyu, kamar ba abin da ya faru. Gaynor ta shiga, ba don kifin ba. Colleen ta miƙa mata nata ta ce ta sa an zuba mata gishiri da yawa yadda take so, ta fara ba ta labarin sabon likitan ƙashi da aka gani da mai ɗaukar hoto a bayan kanti. Gaynor ta bar ta ta kai aya.

"Ke kika ce in je, Col."

"Kin je ko ba ki je ba?"

"Kin ce kina nan."

"Waya aka yi daga ɗakin gwajin jini, sakamakon gaggawa, in ƙi ɗauka? Ke ce cikin ja, Gay, ba ni ba. Nuna mini layi ɗaya na ƙarya a takardar nan."

Gaynor ta nemi layin a ranta ta rasa, abin da ya fi ƙona ta kenan. Ta ce makullin fa. Colleen ta tsame dankali ta hura, ta ce ba wanda ya tambaye ta makulli. Daga nan ta sauke murya ta shiga lallashi. Ta ce Gaynor ta duba da idon basira: in laifin ya hau kanta ita Colleen, ba kujerar Metiron kaɗai za ta rasa ba, har rajistarta ta shekara ashirin da biyar sai an taɓa. Ɗaliba kuwa ai kuskure aikinta ne, an ba ta mako huɗu, me aka yi? In ta zama Metiron ba Gaynor ce za ta fi kowa cin moriya ba?

"In na faɗi fa?"

"In kin faɗi aikinki na nan ba inda ya je." Colleen ta lashe yatsa. "Kuma tsakanina da ke, Gay, ba kowa aka yi don magani ba. Ke hannunki na mutane ne. Ɗakin nan tun da kika fara karatun nan ya lalace, Ormerod ma ya faɗa."

Nan ne Gaynor ta gane ba ranar Talata abin ya fara ba. Ta tuna duk safiyar da aka taɓa mata hannu aka ce ba mai iya masa sai ke, ita kuma tana jin daɗi, tana tafiya da sauri kamar an ba ta lambar yabo. Ta naɗe kifin da ko ɓare shi ba ta yi ba, ta ɗora a kan cinyar Colleen, a kan rigar aiki, maiƙo da komai. Ta buɗe ƙofa ta fita cikin ruwa. Bas ɗin ya wuce ta, sai da ta jira na gaba minti ashirin, tana ganin motar a tsaye ba ta tafi ba, ba ta kuma matso ba.

'Yarta ta ce ta kai ƙara. Gaynor ta ce da wace shaida, Misis Entwistle? Gaskiyar magana ba shaida ce ta hana ta ba. Bakinta ne ya ƙi furta sunan Colleen a gaban baƙi. Ta ɗauki waya sau biyu za ta kira Malama Raman, sau biyu ta ajiye ta ɗora butar shayi.

Aka tura ta ɗaki na biyu, na masu ciwon ƙirji, hannun Sista Marivic Abad. 'Yar Filifin ce, shekararta ashirin da tara, tsayinta bai wuce kafaɗar Gaynor ba, kuma an ce ba ta dariya kafin ƙarfe goma. Labari ya riga Gaynor isa, kamar yadda ya saba. Masu hidimar ɗakin suna kallonta ta gefen ido, ga wadda ta ba tsohuwa maganin jini ta cika jaka.

Safiyar farko Marivic ta miƙa mata jar falmaran, sannan ta zaro makulli daga aljihu ta sa mata a tafin hannu. Ta ce daga yanzu har a gama rabo keken nata ne, ita ido ce kawai. Gaynor ta durƙusa gaban keken, ta sa makullin a kife, ta juya hagu maimakon dama, ya maƙale. Sai da ta yi gumi kafin murfin ya buɗe. Marivic na tsaye tana kallo, ta dai rubuta wani abu a ƙaramin littafinta.

Mako huɗun nan Gaynor ta ga aiki. Marivic ba ta taɓa ƙwaya ko ɗaya ba. Tana tambaya a kan kowane magani, na mene ne, me yake yi wa ƙoda, me za ki yi in bugun zuciya ya yi ƙasa. In Gaynor ba ta sani ba, a tsaya a buɗe littafi, ko da majinyata na gunaguni. In ƙararrawa ta kira kafaɗar Gaynor ta motsa, Marivic ba ta ko kallonta, sai dai ta ɗaga murya ta kira mai hidima da suna. Rabon da nas ke yi cikin minti arba'in, su sai su yi awa ɗaya da rabi. Gaynor ta tsane ta mako na farko. Mako na biyu ta kawo mata biskit.

A mako na uku aka sanar Colleen ta sami kujerar. Ta zama Metiron a kan ɗakuna shida, har da na biyu. An yi kek a ɗaki na bakwai. Kati ya zo wa Gaynor daga Colleen ta hannun mai share-share, da hoton kyanwa a gaba, a ciki an rubuta: na san za ki iya, ina ajiye miki gurbi. Ta karanta ta tura shi cikin kwandon kwalayen magani.

Ranar ƙarshe ta zo, ranar da za a duba ta a rubuta. Gado ashirin da biyu. Gaynor ta saka jar falmaran. Sun kai na sha uku lafiya. A nan ta lura an rubuta wa wani tsoho maganin da ke jikin jerin abubuwan da jikinsa ba ya so, ta ƙi bayarwa, ta ce a kira likita. Marivic ta rubuta. Suna na sha bakwai sai ƙararrawar bayi ta ɗauka, ba ta kiran taimako ba, ta gaggawa, mai ƙara biyu-biyu. Masu hidima biyu suna bayan labule da wani majinyaci, ɗayar ta sauka karɓo jini.

Ƙafar Gaynor ta riga ta yi taku biyu. Ta tsaya. Ta dawo ta mayar da kwalin da ke hannunta, ta ja murfi, ta juya makulli, ta ja ta ji ya kama, ta jefa shi aljihu, sannan ta ruga. Wata mata ce numfashinta ya sarƙe a kan kujerar bayi. Ita da Marivic suka ɗago ta, aka sa mata iska, likita ya zo. Da ƙura ta lafa Gaynor ta wanke hannu, ta koma ta buɗe keke, ta fara gado na sha bakwai daga farko.

Ƙarfe goma da kwata suka zauna a ofis. Marivic ta buɗe kundin, ta sa hannu a layi na farko, na biyu, har ƙasan shafin, tana rubuta kwanan wata a gefen kowanne. Gaynor na kallon biron, idonta ya ciko, ta ɗora laifin a kan hasken fitila.

Marivic ba ta rufe kundin ba. Ta juya shafi na baya, inda akwai gurbin bayanin abin da ya sa ɗaliba ta faɗi karon farko. Ta ce ta karanta rahoton ɗaki na bakwai tun kafin Gaynor ta zo. Ta ce keken can da na nan kamfani ɗaya ne, makulli iri ɗaya, kuma ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi wata huɗu yana rabo ya sa makulli a kife ba.

"An taɓa ba ki shi a can?"

Gaynor ta kawar da kai.

"Ba gulma nake nema ba, Gaynor. Watan Satumba za a tura wata ɗaliba ɗakin nan. In kin ce in bar gurbin fari, in bar shi, hannuna dai na riga na sa, ba mai goge shi. In na rubuta kuma, jami'a za ta gani, Metiron ma za ta gani. Kin san wace ce Metiron, kin kuma san teburin da takardar neman aikinki za ta bi."

Gaynor ta sani sarai. Ta san kuma Marivic ma a ƙarƙashin teburin nan take, ta faɗa mata. Marivic ta ɗaga kafaɗa ta ce ita abin da ta gani take rubutawa.

A waje wani yana tari, keken shayi na wucewa yana ƙara. Gaynor ta tuna Colleen 'yar shekara bakwai da haƙori biyu a fice, tana raba mata alewa da haƙoran gefe don rabon ya zo daidai. Ta daɗe tana kallon yarinyar nan a ranta. Sannan ta jawo kujera kusa da tebur.

"Ba a taɓa ba ni ba, ko sau ɗaya. Ranar ma yana aljihunta, kuma ita ta ce in je. Rubuta."

Marivic ta rubuta, layi huɗu, da ƙananan haruffanta masu tsabta. Ta juyo da kundin. Gaynor ta saka tabarau ta karanta, ta ce a ƙara cewa Talata ce, wajen takwas da rabi. Aka ƙara. Ta karɓi biron ta sa nata hannun a ƙasa.